Kwalaben da Nasiruddeen Ya Samo a Gugul

"Yaya, karanta ki gani da idonki," in ji Nasiruddeen, yana miƙa wa yayarsa waya. "Shi Gugul ya fara kawowa. Ƙoda na warkewa tas, ba sai an yi ta wanki a asibiti ba."

Na shigo da kunun gyaɗa ne na tarar da su a tsakar gida. Katanga ɗaya ce tsakanina da yayar tasa, Malama Mardiyya, a unguwar Wambai. Shekara da shekaru tana bin motar Abuja zuwa ɗakin karatun wata jami'a, inda take koya wa ɗalibai bincike a intanet. Yanzu ciwon ƙoda ya zaunar da ita a tabarma, ƙafafu sun kumbura.

Ta sa tabarau ta duba. "Wa ya rubuta wannan?"

"Wani dokta ne."

"Sunansa wa? A wane asibiti yake? Ka ga ɗan rubutun nan na sama? Talla ce, Nasiru. Biya suka yi aka sa su a gaba."

"Ke dai kin tsani Gugul."

"Ni da kullum da shi nake farawa? Abin da ka tambaya ya ba ka. Ka ce masa kana son sha yanzu magani yanzu, ya haɗa ka da mai sayarwa. Kawo in nuna maka yadda ake tambaya."

Ya fizge wayarsa. "Komai sai kin mai da shi aji."

Inna, mahaifiyarsu, tana tsintar shinkafa a gefe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Boko dai ya hana ki yarda da ɗan'uwanki."

Ya sayo maganin duk da haka, kwalabe masu koren murfi, wani ɗan acaɓa ya kawo daga Gauraka. Muddin Malama tana da ƙarfin magana, ba ta sha ba. Da jiki ya yi tsanani, ta koma yini tana barci, sai suka fara ba ta a cokali. Ranar zuwa wankin ƙoda ta zo, na ga ba a kira mota ba.

Na ce, "Inna, yau fa ranar asibiti ce."

"A bar maganin nan ya yi aikinsa tukuna, Halimatu. An rubuta kada a haɗa biyu."

"Wa ya rubuta?"

Nasiruddeen ya harare ni. "Ke ma kin koya?"

Na roƙe su, na kira mijina ya yi magana, aka ce masa sha'anin gida ne. Na zauna kusa da Malama ina mata fifita. Ta buɗe ido ta ce a hankali, "Ɗalibai dubbai na koya wa, Halima. Gidanmu ne na kasa."

Da suka yarda aka kai ta asibiti, ba ta gane kowa. Ranar Alhamis da hantsi ta cika.

Ɗalibanta sun zo gaisuwa mota guda. Wata Oyinkansola ta durƙusa gaban Inna, da Hausarta mai karkata ta ce, "Mama, ita ta hana ni kwafe abin da ban duba ba." Inna ta ce Allah ya yi albarka. Nasiruddeen ya tashi ya fita zaure.

Bayan sadakar uku, da la'asar, na leƙa ta katanga. Inna ce ita kaɗai, ta wanke hijaban aikin Malama tana shanyawa a igiya. Tana jan kowanne tana miƙar da shi don kada ya yamutse, ruwa na ɗiga a siminti.