Katunan Malam Maƙwabta

Shekara talatin da ɗaya mijina ya yi yana koyar da siyasa a jami'a. Ni a aji huɗu na tsaya, amma na san aikinsa, don a kan teburin cin abincinmu ake yin sa. Yakan jera ƙasarmu da ƙasashen da muke iyaka da su: yaya suke zaɓe, wa ke naɗa alƙalai, sau nawa soja suka ƙwace mulki. Kowace amsa sai ya rubuta ta a ɗan kati. Ni ke jerawa cikin kwalayen takalma, kowace ƙasa da launinta.

A lokacin abokan aikinsa manyan ƙasashen Turawa kaɗai suke karantarwa. Suka sa masa suna Malam Maƙwabta. Sau uku ya nemi ƙarin girma, sau uku suka ce wannan ba ilimi ba ne, leƙen gidan mutane ne.

Yanzu abin ya zama fanni. Kowace jami'a tana da shi, har da ƙungiya ta ƙasa da taron shekara-shekara a otal.

Wata biyu da rasuwar mijina sai ga shugaban ƙungiyar, wani farfesa mai tumbi, wanda shi ya sa hannu a takardar hana shi girma ta ƙarshe. Ya zauna a kujerar marigayi ba tare da an nuna masa ba.

"Uwargida, mun yi babban rashi," in ji shi, idonsa na kan kwalayen. "Littafi muke rubutawa kan yadda fannin nan ya kafu a ƙasar nan. Katunan nan taska ce. A ba mu mu adana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, leƙen gidan mutanen ne ya zama taska?"

Ya yi 'yar dariya. "Zamani ne, uwargida. Ilimi yana girma."

"Tumbi ma yana girma. Sunan mijina a ina zai fito?"

"Za mu gode masa a ƙasan shafi."

"A saman shafin kuma wa?"

Ya gyara zama, ya ce ai kwamiti ne ke tsara wannan.

Na ce, "To ka gaya wa kwamiti su rubuta cewa shi ya fara, su kuma rubuta abin da kuka ce masa sau uku. Ranar da na ga haka a takarda, da kaina zan ɗauko kwalayen a ka."

Ya ce littafin tarihi ba wurin tone-tone ba ne. Ya shanye shayinsa tas, har da neman ƙari, ya tafi.

Babbar 'yata ta yi min faɗa. "Mama, Baba so yake a yi amfani da su. Ke kuma kin kulle." Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi min zafi. Ban ba da ba.

Littafin ya fito bara, da hoton farfesa a bango. 'Yata ta duba daga farko har ƙarshe, babu babanta, ko a ƙasan shafin.

Kwalayen suna ɗakin ajiya. Kwanan nan na buɗe na ga gara ta shiga, ta cinye kusan rabin katunan ƙasa guda. Na zauna a ƙasa na yi kuka, sannan na mayar da murfin. Ita dai gara in ta gama ci, ba za ta sa sunanta a kai ba.