Lallen Shekara Bakwai

A duk mutanen Ba'adan ta ƙasar Yaman da suka taɓa ƙetare teku, babu wanda ya san cikin Bature kamar Mukbil. Shekara goma sha tara ya yi a birnin Bafalo na Amurka yana sayar musu da sigari da lemo a kantin gidan mai, ta wata 'yar tagar gilashi, kuma wanda ya kalli mutane ta taga tsawon wannan lokaci babu abin da zai ɓuya masa game da su. Shi da kansa ya faɗa. Ya faɗa a Bafalo, ya faɗa a waya, sannan ya zo Jibuti ya faɗa a zauren masaukin da Yamanawa ke jiran biza, kuncinsa cike da ganyen ƙat da suke taunawa kamar goro.

"Bature ba ya ƙin gaskiya," in ji shi, "amma sai an sa mata kaya. Ka kai masa ita tsirara, ya kira maka 'yan sanda."

Mazan zauren suka gyaɗa kai, suka ce Ustazu ya yi magana.

Matarsa Intisar tana jiyo shi daga ɗakin sama, inda take zaune gaban fankar da ke tura mata iska mai zafi. Watanta huɗu ke nan a ɗakin, domin tun da aka rufe ofishin jakadancin Amurka a San'a, duk matar da mijinta ya nema wa biza nan take zuwa ta jira ranar ganawa. Shekararsu bakwai da aure, amma in aka tara kwanakin da suka yi a ƙarƙashin rufi ɗaya ba su cika wata biyar ba. Shekarunta talatin da shida, ta gaji da goyon 'ya'yan ƙannenta. Mukbil ya samu hutun mako uku, an sa ganawa ranar Litinin ta makon ƙarshe, jirginsa zai tashi ranar Alhamis. Abin da take so a duniya bai wuce kujerar da ke kusa da tasa a jirgin nan ba.

Ranar da zai iso ta sa Ummu Fu'ad, tsohuwar ɗakin da ke kallon nata, ta zana mata lalle, kamar yadda ake yi in miji zai dawo daga tafiya. Tsohuwar ta iya hannu, ta ja reshe da furanni daga wuyan hannu har kan yatsu. Sai dai tana tsakiyar aiki atishawa ta kama ta, lalle ya ɗiga a gindin babban yatsan dama.

"Bar shi, 'yata, mu mai da shi tsuntsu," in ji ta, ta ƙara masa baki da jela.

Mukbil ya iso da akwati biyu da tsari. Tsarin kashi biyu ne.

Kashi na farko, da Turanci za a yi ganawar. A cewarsa duk matar da ta nemi a yi mata da Larabci ta riga ta gaya musu cewa kaya ce za su ɗauka. Ya rubuta tambayoyi arba'in da amsoshinsu da haruffan Larabci, ya sa ta hadda safe da yamma. Intisar tana da kai, a kwana biyar ta haddace su kamar karatun allo, ba tare da ta san abin da take faɗa ba. Da ta matsa ya fassara mata amsa ta uku, sai ta ji wai a ɗakin karatu na birnin Adan suka haɗu, hannuwansu suka kai kan littafi ɗaya.

"Maigida, ni ban taɓa zuwa Adan ba sai ranar da na hau jirgi."

"Shi ya sa ba a ba ki aikin tsara amsa ba, baiwar Allah."

"To kai yaushe rabonka da littafi?"

"Amsa ta huɗu," in ji shi.

Kashi na biyu shi ne hotuna. Hotunan bikinsu na gaske suna cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon mahaifiyarta a Ba'adan. A ɗakin mata aka ɗauke su, kanta a buɗe, gashi har gadon baya, an yi mata kwalliyar amare. Mukbil ya rantse ba zai ɗauki gashin matarsa ya miƙa wa wani ƙato a bayan gilashi ba. Ga shi kuma Bature ba ya yarda da aure sai ya ga hoto. Saboda haka ya ɗauko mai hoto daga kasuwa, cikin kwana uku suka ƙera shekara bakwai.

A gaskiya ya yi aiki. Ranar farko ya fito da gemu, ta biyu ya aske ya bar gashin baki, ta uku ya shafa wa furfurarsa baƙi domin shekarun farko. Sun je bakin teku, sun je gidan cin kifi, sun tsaya jikin motar wani. Ya aro mata abaya tara daga matan masaukin don a ga bambancin shekaru, duk tara baƙaƙe. Har rigar sanyi mai gashi da ya sayo mata saboda ƙanƙarar Bafalo ya sa ta saka da tsakar rana, gumi na bin bayanta, ya rubuta a ƙarƙashin hoton: San'a, lokacin sanyi. A kowane hoto kuwa sai ya kama hannunta ya ɗago shi gaban kamara, domin Bature in bai ga an riƙe hannu ba bai ga soyayya ba.

Da aka wanko hotunan Intisar ta duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Maigida, hannuna fa?"

"Me ya same shi?"

"Lalle ɗaya ne a dukansu."

Ya yi dariya har ya tofar da ɗan ganye. "Bature ya san lalle? Shi a zatonsa haka aka haife ku."

Ita ba ta taɓa zama da Bature ba, shi kuwa shekara goma sha tara.

Ranar Litinin ya raka ta har bakin ƙofar ofishin jakadancin, ya sake bi mata amsa ta uku, ya koma gindin bishiya inda mazaje ke jira. A ciki aka karɓi wayarta, aka ba ta lamba. Sanyin ɗakin ya yi mata daɗi har ta so a jinkirta kiranta. Ba a jinkirta ba.

A bayan gilashin ba ƙato ba ne. Wata mata ce mai furfura, tabarau rataye a wuyanta. Intisar ta ja numfashi, ta jera gaisuwar Turancin a kan harshenta.

"Salamu alaikum, 'yar'uwa. Sannu da zafi," in ji matar. "Da Larabci za mu yi ko da Turanci?"

Larabcin San'a ne, da ɗan gurgunta kaɗan. Bakin Intisar ya amsa sallamar tun kanta bai yanke shawara ba, har ya ƙara da tambayar lafiyar iyali. Daga nan kuwa babu hanyar komawa. Matar ta sa ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa za ta faɗi gaskiya, kuma rantsuwar da mutum ya ji ma'anarta daban take da wadda bai ji ba. Amsoshi arba'in suna nan a kanta, sai dai da Turanci suke, ba su san hanyar fitowa da Larabci ba.

"A ina kuka haɗu da mijinki?"

"Haɗuwa? Ai ba mu haɗu ba, yana nan ne kawai. Bayan gidanmu ne gidansu. Shi ya fasa wa mahaifiyata tulu yana ɗan shekara tara, ya ce akuya ce. Har yau in ta gan shi sai ta tambaye shi lafiyar akuya."

Matar ta ɗora tabarau a hanci, ta fara bugawa a na'ura. Ta tambayi aikinsa, Intisar ta ba ta sunan mai gidan man, da na kyanwar kantin da Mukbil ke kira Janar, da na ƙwayar hawan jinin da yake mantawa sai ta tuna masa. Ta tambayi yadda suke magana.

"Kullum. Yakan jingina waya a kan kanta in koya masa tuƙa asida. Shekara bakwai, har yau da gudaji. Yana zuba gari ruwa bai tafasa ba, in na faɗa ya ce garin can ne daban."

Matar ta yi dariya, dariya ta gaske, har ta cire tabarau. Intisar ta ga kujerar jirgin a idonta, har da 'yar tagar da ke gefe.

"Kin zo da hotuna?"

Nan ne ya kamata ta ce a'a. Amma littafin da Mukbil ya manna hotunan a ciki yana hannunta, jajir, da fure a bangonsa. Ta tura shi ta ƙasan gilashi. Matar tana buɗe shafuka ta ce ta ɗora yatsunta a kan ƙaramin gilashin ɗaukar zanen yatsa. Ta ɗora. Matar ta dubi hannun, ta dubi littafin, ta koma baya shafi uku, ta sake duban hannun.

"Wa ya zana miki lallen nan?"

"Wata tsohuwa a masaukinmu."

"Ta iya. Na yi shekara uku a San'a, ni ma an sha zana mini. Nawa ba ya wuce mako uku." Ta juyo littafin. "Naki kuwa ga shi a shekarar farko, ga shi a ta huɗu, ga shi lokacin sanyi, ga shi yau. Har da tsuntsun."

Intisar ta nemi amsa a cikin arba'in, babu wadda ta yi maganar tsuntsu. Sai ta faɗi komai: mai hoton kasuwa, gemu da gashin baki, abaya tara, da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

"Ba mugu ba ne," ta ce a ƙarshe. "Sani ne ya yi masa yawa."

"Ban ce aurenki na ƙarya ba ne," in ji matar. "Wadda ta san gudajin asidar mijinta ba haya aka ɗauko ta ba. Amma littafin nan ya shigo hannuna da shekarun da ba nasa ba a rubuce, dole in sa a takarda, dole kuma a sake duba komai. Ki aika a kawo hotunan gaske. Ni zan buɗe su, babu namijin da zai gani."

"Zai kai Alhamis?"

"Wata biyu. Ko uku."

"Da ban kawo littafin ba fa?"

Matar ta ɗan dubi kwandon da ke gefenta, inda ake ajiye fasfon waɗanda aka amince wa. Ta turo mata nata fasfon da wata takarda.

A gindin bishiya Mukbil ya karanta takardar sau biyu, yana bin layi da yatsa.

"Da Larabci kika yi?"

"Ita ta fara."

"Na faɗa miki! Ban faɗa miki ba?" Ya dafa kai. "Ta dai ga hotunan?"

"Ta gani. Ta daɗe tana kallo."

"To alhamdu lillahi. Su suka cece mu."

Intisar ta buɗe baki, sannan ta lissafa. Yau Litinin. Talata, Laraba, sai jirgi. Ta san shi, in ta ambaci tsuntsu zai yi kwana biyu yana fushi, ya yi na uku yana bayani. Kwanakin da take da su ba su kai a yi musu haka ba. Ta ce yunwa take ji, ya kai ta gidan cin kifi, wannan karon babu mai hoto, ya ɓare mata ƙaya da hannunsa.

Da la'asar ya sauka zaure ya yi wa jama'a bayani. Mutum nawa aka kora a makon nan da hannu wofi? Shi kuwa matarsa ta tafka kuskuren Larabci, amma duk da haka takarda aka ba ta, ba kora ba. Me ya jawo? Tsari. Magidanta biyu suka karɓi lambar mai hoton. Intisar tana jin haka ta leƙa ɗakin Ummu Fu'ad.

"Inna, ki ja matan mutanen can biyu gefe, ki ce su manta littafin a gida ranar ganawa."

"Tsuntsuna ne, ko?" in ji tsohuwar.

"Atishawarki ta yi suna har wajen Turawa."

Tsohuwar ta yi dariya har ta share ido, sannan ta dubi Intisar sosai ta daina dariyar.

Ranar Alhamis Mukbil ya tafi. A filin jirgi ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba, ko da yake babu kamara, ya ce ta ci gaba da bitar amsoshin kada su tsufa. Ta ce to. Da ta dawo ta kira mahaifiyarta, ta ce a buɗe akwatin ƙarfe, a naɗe hotunan a zane biyu, a ba duk matar da za ta biyo ta Adan.

Watan Yuni ya kama. Wuta ta ɗauke, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Intisar ta buɗe akwatin da ta ɗaure tun daren Lahadi, ta mayar da kayanta kan kantar ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Rigar sanyin ba ta samu wuri ba, ta rataye ta a ƙusa bayan ƙofa, ta ja katifa kusa da taga.