Fostar da Rana Ta Ci

Resiato ta miƙa hannu za ta karɓi maganin kaskar da mahaifiyarta ta aike ta saye, sai idonta ya sauka a kan bangon da ke bayan mai kantin. Fostarta ce manne a wurin, tsakanin tsohuwar kalanda da hoton wata saniya mai ƙaton hantsa.

Da farko daɗi ta ji. Ita ta tsara fostar nan ba da daɗewa da fara aikinta ba a sashen ilimantarwa na wata ƙungiyar kare namun daji, ita kuma ta bi makarantun firamaren yankin ɗaya bayan ɗaya tana mannawa. Ba ta taɓa zaton za ta gan ta a kasuwa ba.

"Maman Mutheu, ina kika samo wannan?"

"Ashe da gaske taki ce." Mai kantin ta waiwaya ta dubi bangon tana murmushi. "Wani tsoho ne ya ɓamɓaro ta daga bangon makaranta ya kawo min. Allah ya yi miki albarka, Malama. Da can sai mutum ya zo ya tsaya min a kai yana ta kwatance, mai kalar kaza, mai warin kaza, layi na jira. Yanzu da sanda kawai suke nunawa."

Resiato ta matsa har cikinta ya taɓa kantar. A saman fostar ga hoton fakitin maganin ƙwarin gona, wanda ita da kanta ta ɗauka da wayarta don kowa ya gane shi. Ga baƙar kibiya ta sauko ƙasa. A ƙasan ga zaki kwance, ga kura, ga ungulaye sun miƙe ƙafafu. Amma manyan jajayen layuka biyu da ta gitta a kan fakitin babu su. Jajayen haruffan da suka ce KADA KA SA GUBA su ma babu. Rana ta shanye jan tas, sai wani ɗan dishi-dishi kamar tabon shayi a farar riga. Abin da ya rage shi ne fakiti, da kibiya, da mataccen zaki, da lambar wayar ofishinsu a ƙasa, baƙa wuluk kamar jiya aka buga ta.

Nan ta tuna wani mutum da ya kira ofis kwanakin baya yana tambaya ko na kura daban ne da na zaki. Ta ɗauka tsokana ce, ta kashe wayar.

"Maman Mutheu," in ji Resiato, "wannan hani ne. Cewa muke kada a yi."

Matar ta ɗora tabarau a hanci ta ƙura wa takardar ido. "A ina aka ce?"

Resiato ta ɗaga yatsa, ta rasa abin nunawa.

"Ni dai maganin tumatir nake sayarwa, 'yata, ba na bin kowa gida. Ko da safen nan ma kawunki Parmuat ya zo. Zaki ya kashe masa jan bijiminsa jiya a kwarin bayan dutse. Har yana gaya wa mutane 'yar ƙanwarsa ce ta yi takardar. Ke, canjinki fa."

Resiato ta riga ta fice, ba ta juyo ba.

Ɗan acaɓan da ta tare ya ce hanyar kwarin ba ta biyuwa, ta ce ya kai ta inda ta ƙare. Suka bar kwalta suka shiga jar ƙasa, babur yana tsalle a kan duwatsu. Wayarta na cikin aljihun rigar aikinta, tana bugun cinyarta. Lambar masu kai ɗauki idan an sa guba tana kanta, don har waƙa ta mayar da ita tana koya wa yara a aji. Ba ta kira ba. Ta san abin da doka ta tanadar wa mai sa guba, shi ma ita take koyarwa. Kawu Parmuat kuwa yayan mahaifiyarta ne. Shi ya fara nuna mata sawun damisa a bakin rafi tun tana tafiya tana riƙe da gefen mayafinsa.

"Malama, kin ce in yi sauri, kin kuma matse min haƙarƙari," in ji ɗan acaɓan. "Ɗaya za ki zaɓa." Can ya ɗaga haɓa sama. "Ga abokan aikinki can sun riga ki."

Ta ɗaga kai. Ungulaye ne suke kewayawa a saman kwarin, wasu ƙasa-ƙasa, wasu can nesa kamar ɗigon toka. Ta sauka tun babur bai gama tsayawa ba, ta danƙa masa abin da hannunta ya kamo, ta gangara da gudu.

Warin ne ya fara tarar ta. Bijimin na kwance a gefen busasshen rafi, an cinye cinya guda, cikinsa a buɗe. Kusa da shi wata ungulu tana tafiya kamar mashayi, fiffike ɗaya na jan ƙasa. Ta yi taku kaɗan, wuyanta ya lanƙwashe baya, ta kife. Wasu biyu sun riga sun kwanta, ƙafafunsu a dunƙule. Resiato ta sha nuna wa yara irin wannan a majigi, tana tsayar da hoton tana bayani. Ba ta taɓa sanin suna yin wani ɗan sauti ba, kamar tsohuwa mai tari a cikin ɗaki.

Kawu Parmuat yana zaune a inuwar farar ƙaya, sandarsa a kan gwiwa. Da ya gan ta fuskarsa ta washe. Ƙafafunta suka kai ta gabansa da kansu, ta sunkuyar da kai, ya ɗora tafinsa a kai kamar kullum.

"Malamar zakuna. Wa ya gaya miki ina nan?"

"Kawu, ka riga ka sa?"

"Tun hantsi. Tsuntsayen nan ne ke neman ɓata min aiki, na gaji da jifa. Shi mai gayyar, zakin, sai yamma zai dawo." Ya zaro wata takarda a ninke daga ɗamararsa, ya buɗe ta a kan gwiwa yana shafawa da hannu. Wata fostar ce, ita ma fara fat inda ja yake a da. "Na ce wa dattawa, kun gani? Shekara da shekaru mutanen nan suna zuwa da motocinsu suna ce mana zaki ɗan'uwanmu ne. Sai da tamu ta shiga cikinsu aka fara faɗin gaskiya."

"Kawu, ba haka take ba. Akwai jan layi a nan, da nan. Akwai rubutu. Rana ce ta cinye."

Ya dubi inda yatsarta take. Ya kai takardar kusa da ido, ya nisanta ta.

"Rubutun me ya ce?"

"Ya ce kada a sa."

A bayanta ta ji fiffike ya daki iska, wata ungulu ta sauka. Ta juya a guje, ta cire rigar aikinta ta sama tana kaɗawa, tana ihun da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Ungulun ta yi tsalle baya, ta tsaya tana kallonta da kai a karkace. Wasu biyu suka sauka a ɗaya gefen. Ta zagaya ta kore su, ta farkon ta dawo.

"To hukuma ba ta yarda ba ke nan," in ji Kawu daga inda yake zaune.

"Ba ta yarda ba."

"Ku ma ba ku yarda ba."

"Ba mu yarda ba, Kawu." Tana haki. "Duk wadda ta ci ta tashi, can za ta je ta faɗi, kura ta ci ta, kare ya ci ta. In ruwa ya sauko, rafin nan ne zai kwashe sauran, kuma nan awakinku suke sha."

"Bijimina fa? Shi wa zai zana masa takarda?"

Ta san bijimin tun yana maraƙi. Ta san har waƙa Kawu yake yi masa da yamma in garke ya dawo.

Ta tsaya tsakanin gawar da tsuntsayen tana lissafin abin da ba ya lissaftuwa. Su biyu ba za su iya ƙona bijimi guda ba, ba fetur, ba itacen kirki. Ƙasar da jinin ya jiƙa sai an kwashe ta. Daga cikin ungulayen da ke kwance ɗaya tana numfashi har yanzu, kuma likitan ƙungiya yana da allurar da kan tashe su in an zo da wuri. Kafin rana ta faɗi zakin zai dawo, wataƙila ba shi kaɗai ba.

"Kawu, ka tafi gida. Zan kira mutanenmu. Kafin su iso ka yi nisa. Zan ce haka na tarar."

Ya yi wata 'yar dariya ba daɗi. Ya miƙe, ya tako har gaban gawar, ya sa bakin sandarsa ya ɗaga kunnen bijimin. Tsagar gidansu ce a jiki, biyu a sama, ɗaya a gefe, irin wadda ke kunnen kowace saniya tasu tun kakanni.

"A ƙasar nan akwai wanda zai ga wannan ya tambaya na wa ne? Ko masu gadin dajin naku ba 'ya'yanmu ba ne?" Ya saki kunnen. "An kai ki jami'a, ƙarya ma ba ki iya ba."

Ta dubi kunnen. Tana iya yanke shi, wuƙar Kawu na nan a ƙugunsa. Tunanin ya zo mata sarai, har da inda za ta jefa shi, kuma zuwansa ya fi komai na ranar nan ba ta tsoro. Ga Maman Mutheu da bakinta. Ga ɗan acaɓa. Ga dattawan da aka yi wa alfahari da ita.

Kawu ya zare wuƙar. Amma wucewa ya yi zuwa gindin wata ƙaya, ya fara saran reshe.

"Abin da ungulaye ba su gani ba, ba sa sauko masa," ya ce, bai waiwayo ba. "Ba don zakinki nake yi ba. Tarin nan nasu ne ba na son ji."

Ya jawo reshen farko ya jefa a kan buɗaɗɗen cikin. Resiato ta ciro wayar. Ta danna lambar shugabarta. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Resiato, yanzu nake shirin kiran ki," muryar Madam Nyokabi cike da fara'a. "Masu ba mu tallafi sun ga fostarki a rahoto, sun ce ba su taɓa ganin saƙo mai sauƙin ganewa irinsa ba. Za a ƙara buga wasu dubbai a raba har gundumomin maƙwabta. Gobe za a kai wa masu ɗab'i. Kina ji na?"

"Ina ji, Madam. Kada a kai. Zan yi miki bayani. Yanzu a turo mota da likita kwarin bayan dutse. An sa wa gawar bijimi guba. Ungulu uku sun faɗi, ɗaya da sauran rai."

Nan take muryar Madam ta zama ta aiki.

"Kada ki taɓa komai da hannu. Kin ga wanda ya sa?"

Resiato ta dubi kawunta. Ya sunkuya yana kokawa da wani babban reshe, ƙaya ta kama jan mayafinsa ta zame shi daga kafaɗa. Ba ta taɓa lura bayansa ya rame haka ba.

"Yana nan tare da ni," ta ce. "Yana taya ni rufewa."

Ta kashe wayar ta mayar aljihu. Kawu bai ɗago ba sai da ta zo kusa.

"Kin gaya musu?"

"Na gaya musu, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya goge gumi da bayan hannu. Ya dubi sama inda tsuntsayen ke ƙaruwa, sannan ya nuna mata ɗaya ƙarshen reshen da haɓa.

"To kama can. Ki bi a hankali, tana da ƙaya."