Fitilar da Ke Cikin Jeren Adama

Shekara arba'in da shida fitilar nan ta yi a kabad ɗin Adama, tsakanin tasoshi da kwanukan sha, ba a taɓa kunna ta ba. Mijinta Malam Audi ne ya kawo ta, tun yana direban wani injiniya ɗan Italiya da ya yi aikin hanya a wajen Mai'adua. Da mutumin zai koma gida ya ba shi ita, ya ce ko a ƙasarsu sai gidan wane da wane. Ta lantarki ce, ja, ta ƙarfe, kanta kamar ƙaramar ƙwarya, da wani murfi a ciki da ake juyawa ya rufe ƙwan ko ya buɗe shi.

Adama na ganinta ta ce wannan ai ta jere ce. Kayan jere kuwa kowa ya sani, kallo ake yi, ba a mora. Malam ya yi magana har ya gaji. A Daura dai ba a haifi namijin da zai ci gardamar kabad ba.

Bana likita a Katsina ya gaya wa Malam gaskiya: idon dama ya tafi, na hagu ma da wuya ya kai damina. Bai yi raki ba. Ranar Laraba bayan azahar ya zauna a bakin gadonta, ya ce abu ɗaya yake roƙo, ya ga fitilar nan a kunne tun yana iya gani.

Tausayi ya kama Adama, har da kunyar shekarun da ta yi tana hana shi. Ta kwance mabuɗin kabad ɗin daga bakin zanenta. Filogin ya ƙi shiga soket, sai da 'yarsu Murja ta kai wa mai gyara a kasuwa ya canza shi, ya sa sabon ƙwai. Ta dawo da ita, ta ba su wuri.

Ɗakin mai duhu ne ko da rana. Adama ta jona a wutar sola, ta juya murfin a hankali, haske mai laushi ya fito. Malam ya dubi fitilar sau ɗaya tak, sannan ya ce ta ɗaga ta kusa da fuskarta.

"Kin tsufa, Adama."

"Sai yau ka gani, Malam?"

Ta so ta ajiye, don hawaye sun fara zuwa.

"A'a, riƙe ta haka," in ji shi. "Kada ki motsa. Hadda nake yi."