Hannun Da Bai Jiƙe Ba

Fasto ya yi wa mutum bakwai baftisma ran Asabar da safe. Na bakwai shi ne Baba Direba.

Shekarunsa saba'in da tara. Arba'in daga ciki ya yi su yana kawo matarsa ƙofar coci a mota, ya sauke ta, ya kwantar da kujera ya yi barci har a tashi. Fastoci huɗu sun yi masa wa'azi ta tagar mota, ko gezau. Da matar ta rasu bara, sai ga shi ya shigo da ƙafarsa, ya zauna a benci na uku, wurin zamanta. Ɓangaren mata ne. Ba wanda ya iya faɗa masa.

Kwamin baftisma na siminti ne, a bayan mumbari, ruwansa iya ƙugu. Fasto ya nitsar da tsohon, ya ɗago shi. Mawaƙa suka ɗauki waƙa, wasu mata suka yi kuka. Fasto ya shiga ofis ya sake kaya yana gode wa Allah.

Bai gama ɗaure takalmi ba Hedimasta ya shigo. Shi ne babban dikon, wato shugaban dattawan da ke taimaka wa Fasto. Ya bar koyarwa da daɗewa, amma bai ajiye jan biro ba. A bayansa akwai Uwar Zumunta, shugabar mata, da waya a hannu.

"Fasto, akwai gyara," in ji Hedimasta. "Nuna masa."

Ta nuna masa bidiyon da 'yarta ta ɗauka. Kan tsohon ya nitse, ƙirji ya nitse, kafaɗu sun nitse. Amma hannun hagu ya damƙi bakin kwami. Daga wuyan hannu zuwa yatsu, ko ɗigo bai taɓa ba.

"Mu 'yan Baptis ne," in ji Hedimasta. "Nitsarwa muke yi, ba yayyafi ba. Kai da bakinka ka koya mana baftisma binnewa ce. Ka taɓa ganin an binne mutum an bar hannunsa a waje?"

Fasto ya sake kallon bidiyon. Hannun yana nan.

"Gobe Jibin Ubangiji ne," in ji Hedimasta, "ni ke riƙe farantin gurasa. Wanda bai yi baftisma ba ba ya ci. In na iso benci na uku, in miƙa ko in wuce?"

"Kai, Hedimasta," in ji Uwar Zumunta, "a kawo bokiti ya tsoma hannun, a rufe magana."

"Baftisma kashi-kashi? Jarrabawa ce da za a sake takarda ɗaya?"

"To a sake duka."

"Sau ɗaya ake yi. In ta farko ta yi, ta biyu wasa da ruwa ne."

"To ta yi ke nan?"

"Ban ce ta yi ba."

Su biyun suka juyo suna kallon Fasto. Ya ce zai yi addu'a a kai.

Da suka fita ya buɗe littafin dokokin ikilisiya. Akwai maganar shekaru, akwai maganar shaidu, har da launin tufafi. Ba maganar hannu. Ya buga wa tsohon malaminsa na makarantar tauhidi waya, ya kwashe labarin ya faɗa masa.

"Dama ko hagu?" in ji malamin.

"Hagu, Malam."

"Hagu." Malamin ya yi gyaran murya. "A wurinmu ai ikilisiya ke yanke magana. Kira taro, a ɗaga hannu."

Fasto ya ajiye wayar. Ya hango mutum ɗari biyu suna ɗaga hannu a kan hannun Baba Direba, tsohon yana zaune yana kallonsu. Ya san daga ranar tsohon ba zai ƙara shiga coci ba.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ya zauna yana juya cokali. Ta ga yana zaune a karkace, ta tambaya, ya ce ƙugunsa ne ke ɗan ciwo tun safe, sannan ya kwashe labarin hannun ya ba ta.

"Shi Baban ya ce me ya sa ya riƙe?"

"Ban tambaye shi ba."

"Ka tambayi littafi, ka tambayi Malam, ba ka tambayi mai hannu ba?"

Ya ture kwanon ya fita ya hau bas.

Ya tarar da Baba Direba a tsakar gida yana goge kwat. Farar rigar baftisma tana kan igiya. A gefe tsohuwar motar tana zaune kan bulo, ba taya ko ɗaya, amma gilashinta a wanke.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Fasto da kansa. Ka zo duba ko na narke?"

Fasto ya zauna a kan benci. Ya fara daga nesa, ya yi maganar ma'anar ruwa, ya yi maganar tsarin iyaye. Tsohon bai daina guga ba.

"Yi kwana ka shigo hanya, Fasto."

Fasto ya faɗa masa. Bidiyon, Hedimasta, farantin gobe.

Tsohon ya ajiye dutsen guga a tsaye. Ya ɗaga hannun hagu ya dube shi gaba da baya.

"Kai ka zame."

"Ni?"

"Akwai gansakuka a ƙasan kwamin nan. Kana kwantar da ni na ji ƙafarka ta tafi. Shekara hamsin ina tuƙi, in mota ta ƙwace ba na jira a ce mini kama. Da ban riƙe ba, da mu biyu aka tsamo."

Fasto ya dafa ƙugunsa. Ya tuna. Ya ji ƙasa ta gudu a ƙarƙashinsa a lokacin, zuciyarsa ta buga, ya ɗauka ikon Allah ne ya sauko masa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Ba a tona direba gaban fasinja."

Fasto ya auna maganar. Laifin nasa ne, hannun na tsoho. In ya ce ta yi, Hedimasta zai ce yana rufa wa kansa asiri. In ya ce ba ta yi ba, shi kansa bai yarda ba. Ko ya yarda? Ya kasa tantancewa.

"Zan tsaya gobe in faɗa musu ni na zame," ya ce. "Amma ba a zubar da ruwan ba tukuna. An jima kaɗan mu koma, ni da kai da Hedimasta, ba waya, ba mawaƙa. Minti biyu."

"A cikin ruwan ka tambaye ni ko na ba da gaskiya. Me na ce?"

"Ka ce i."

"Da wane hannu na faɗa?"

Fasto ya canja magana.

"In Hedimasta ya wuce ka da faranti fa, Baba? A gaban jama'a?"

"Ya wuce. Ina benci na uku, ya san wurin."

Tsohon ya ɗauki dutsen guga, ya tofa masa yawu ya ji zafinsa, ya shimfiɗa hannun kwat ɗin.

"Baba, ko hannun kaɗai, don a zauna lafiya."

"A'a, Fasto. Ba zan sake shiga ba."