Gwiwar da Za Ta Kai Baba Ƙasa

Likitan ƙashi ya ajiye mana gwiwoyin ƙarfe biyu a kan tebur. Ta farko, in ji shi, faifan robar da ke tsakiyarta ba ya motsi, an daɗe ana saka ta, an san halinta. Ta biyu faifanta yana ɗan juyawa, wasu sukan ce sun fi jin daɗin lanƙwasa ƙafa da ita, amma shi bai yi mana alkawari ba.

Ni da bakina ba ya shiru, na ce a saka wa Baba ta farko, ai da tsohuwar zuma ake magani. Baba ko kallona bai yi ba.

"Likita, wacce ce za ta kai ni ƙasa?"

Likita ya zaci salla yake nufi, ya ce ai ana yi a kujera. Ni na san zancen. Tun da Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki ta faɗo daga gado, a katifa take kwana a ƙasa, kuma ba ta karɓar abinci sai a hannun Baba. In ni na kai cokali sai ta datse baki, kamar ba ita ta haife ni ba. Shi kuwa gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Daga kujera yake miƙo cokali, rabi a bakinta, rabi a zani. Kullum ƙara ramewa take.

Ta biyun aka saka. Mai gashin ƙashin da ke koya masa motsa ƙafar bayan aikin har suna ta sa masa, wai Sarkin Gaggawa, don in ta ce ya lanƙwasa sau goma, sai ya yi talatin yana haɗa gumi. Kowace safiya zai dogara sanda ya leƙa Inna, ya ce mata saura ƙiris.

Inna ba ta jira ba. A sati na uku ta cika, da hantsi, cokali yana hannuna. Har yau abin yana cin raina.

Bayan wata biyu na shiga ɗakin in naɗe katifar. Na tarar da Baba zaune a ƙasa gefenta, ƙafa a lanƙwashe, sanda can a jikin bango. Ya dafa wurin da kanta yake kwanciya.

"Kin gani, ta kai," ya ce a hankali.

Ba da ni yake ba. Na bar katifar a inda take, na ja musu ƙofa.