Kafaɗar Kita Mai Aski

Shagonmu bai taɓa yin kujera ba. Surukina ne ya buɗe shi a lungun bayan tashar Kyobashi, tun Osaka tana warin hayaƙin masana'antu. Mijina Shozo ya gada, da ya rasu na ci gaba da tsayuwa a bayan kanta ni kaɗai. Wurin bai kai faɗin motar bas ba. Dogon katako ne da gwiwoyin hannun mutane suka goge har yana ƙyalli, sai ginshiƙi guda a kusurwa, sai tukunyata ta jijiyar naman shanu da ke tafasa tun hantsi. Mutum ya ɗaga labulen ƙofa, ya sha kofin giyar shinkafa ɗaya ko biyu a tsaye, ya taɓa awara ko tsinken soyayyen nama da kabeji, ya kama gabansa. Ɗan canjin da ke aljihun lebura ya ishe shi. In jirgin ƙasa ya biyo ta gadar da ke samanmu sai kofuna su ɗauki rawa, kowa ya yi shiru, yana wucewa a ci gaba da gardama daga inda aka tsaya.

In ma'aikata sun tashi da yamma wurin ya cika, kalma biyu nake faɗi: "A karkace!" Sai kowa ya juya gefe, kafaɗa ɗaya wajen kanta, hannu ɗaya riƙe da kofi, a jeru a matse kamar ashana a kwali, sabon zuwa ya samu inda zai cusa kansa. Ba mu taɓa mayar da kowa don rashin wuri ba.

Dokarmu ɗaya ce, kuma ta surukina ce: wanda ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa, ya tafi gida. Don masu wuce gona da iri aka kafa ta. Wanda ya fi kowa riƙe ta kuwa shi ne Uemura-san, mai walda a wata masana'antar tukwane, wanda na tarar da shi jikin ginshiƙin nan tun ina amarya. Bai taɓa wuce kofi biyu ba. Yana ganin gwiwar wani ta fara lanƙwashewa zai ajiye kofinsa, ya kama mutumin ta gwiwar hannu cikin mutunci, ya ɗaga masa labule, ya nuna masa hanyar tasha. Har Shozo, mai shagon da kansa, ya taɓa rakawa ƙofa, na yi dariya ranar har da hawaye.

Wanda ke tsayawa kusa da shi kullum shi ne Kitagawa mai aski, da muke kira Kita-yan. Ba na jin akwai ranar da suka rabu ba su yi faɗa ba. A kan tseren keke, a kan ruwan sama, a kan ko jijiyata ta yi gishiri. Uemura-san yana kiransa Almakashi, wai bakinsa ba ya hutawa, shi kuma yana kiran Uemura-san Tsohon Ƙarfe. In ɗaya bai zo ba kuwa, ɗayan ya dinga leƙen labule ke nan har ya ba ni haushi.

Wata bazara ɓarin jikin Uemura-san na hagu ya shanye. Watanni ba mu gan shi ba. Babu wanda ya tsaya jikin ginshiƙin, ko da yake ban hana kowa ba. Ranar da ya dawo, tsakar rana ce, shago fayau sai Kita-yan, 'yarsa Harumi na biye da shi. Ya rame, yana jan ƙafa, sanda a hannu. Ya jingine sandar, ya dafa kanta, ya ce in ba shi irin na kullum. Likita ya yarje masa rabin kofi, in ji Harumi, ni kuma na zuba rabin. Hannu ɗaya gare shi mai aiki. In ya dafa ba zai ɗauki kofi ba, in ya ɗauki kofi ba abin da ke riƙe da shi. Ina kallo ƙafarsa tana rawa cikin wando, na kawar da kai na shiga juya tukunya, don zuciyata ta karye.

Shi kuwa Kita-yan, uban 'yan gwaninta, sai ya fice da gudu. Kafin in ankara ya dawo rungume da 'yar kujerar da yake ɗora yara in zai yi musu aski, ya dire ta jikin ginshiƙi, yana washe baki kamar ya yi abin kirki.

"Zauna, Tsohon Ƙarfe. Ba wanda zai ce komai."

Uemura-san ya dubi kujerar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ture kofin da ko kurɓa bai yi ba, ya ɗauki sandarsa.

"Mama, a shagon nan wanda ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa gida yake tafiya. Na gode da ɗawainiya."

Ya ɗan rusuna mini, ya ɗaga labule da kansa, ya fita.

Kai, ranar Kita-yan ya ji bakina. Na ce masa mutumin da ya yi rayuwarsa yana raka mutane ƙofa, shi za ka kawo wa kujerar yara a gaban jama'a? Na ce ya kwashe tarkacensa kafin in sa ta a murhu. Ya rungumi kujerarsa ya tafi, kunnuwansa jajur. Na san don ƙauna ya yi, amma a lokacin ban da sararin tausaya masa.

Uemura-san bai sake zuwa ba. Harumi ta biyo wata rana ta sayi jijiya ta kai masa, ta ce mini wai ya daina motsa ƙafar da likita ya sa shi, ya daina fita ko ƙofar gida. Yana zaune ne kawai yana kallon bango. Ta ce a da wahalar da yake sha ta koyon tafiya duk don ya iso kantan nan ne, yanzu kuwa ya ce ba inda za shi. In sa kujera, ba zai zauna ba. In soke dokar, ya ce na mai da shi abin tausayi.

Ina cikin wannan tunani wata yamma, shago ya cika maƙil, na yi kirana na kullum aka karkace. Sai idona ya faɗa kan wani ɗan akawu da ya matsu a tsakiya, hannu ɗaya kofi, ɗayan tsinken nama, bai dafa komai ba, ga shi ƙafarsa ɗaya ma a ɗage yana sosa ɗaya da ita. Ko motsi bai yi ba, don ba inda zai faɗi.

Washegari na aika wa Harumi cewa ta kawo babanta ranar Juma'a, daidai tashin ma'aikata. Ta zo da kanta tana tambayata ko na haukace, ai turereniyar za ta kayar da shi. Na ce ta dai gaya masa Mama ta ce tsakar rana lokacin 'yan zaman banza ne, ma'aikaci da yamma yake zuwa. Sannan na tsallaka shagon aski, na gaya wa Kita-yan inda zai tsaya, na kuma gargaɗe shi in ya kuskura ya yi fuskar tausayi, ya nemi wata mashayar.

Ya zo. Yana ɗaga labule surutu ya ɗauke, ni kuwa na buga ludayi a bakin tukunya na ce a karkace, ba a ga baƙo ba ne? Aka buɗa masa har jikin ginshiƙi, aka sake rufewa. Ginshiƙi ta damansa, wani ƙaton direban babbar mota ta bayansa. Kita-yan ya juya gefe kamar kowa, ya tokare ɓarin da ya mutu da kafaɗarsa, yana kallon wani wajen. Na ajiye rabin kofi da 'yar awara.

Uemura-san ya saki kanta a hankali. Bai faɗi ba. Ya ɗauki kofin, ya kurɓa, ya lumshe ido. Jirgi ya biyo ta sama, duk muka yi shiru, kuma ban taɓa jin jirgi mai tsawon wannan ba. Da ya wuce sai ya yi gyaran murya.

"Almakashi, ka matse ni. Ƙiba ka yi ne?"

"In wurin ya yi maka kaɗan ka tafi gida mana," in ji Kita-yan.

"Ƙafata na ɗauke da ni. Kai dai ka kula da taka."

Na juya musu baya na shiga yanka kabejin da ba wanda ya nema.

Ya sani, mu ma mun san ya sani, amma har ya bar duniya ba wanda ya furta. Kullum da yamma yake zuwa, a cikin cinkoso. Duk ranar da ruwan sama ya hana mutane fitowa, sai 'yan kaɗan da ke nan su bar dogon kanta fayau su taru a kusurwa, wai nan ya fi ɗumi. Ya ga furen bazara sau biyu a haka, yana tsaye, yana kushe gishirin jijiyata.

Yanzu shagon babu shi, gidan ajiye kekuna aka yi a wurin, ni ma a zaune nake ba ku labarin nan. Amma abin da ya fi dawo mini shi ne wata rana bayan rasuwarsa. Tsakar rana ce, ba kowa sai Kita-yan. Ga kanta nan tun daga ƙofa har bango, amma yana can kusa da ginshiƙi, a karkace, kafaɗa ɗaya a ɗage, ya bar wurin mutum guda tsakaninsa da ginshiƙin. Na ce haba Kita-yan, ka miƙe mana, wa ya matse ka?

Ya dubi kafaɗar tasa kamar ta wani ce.

"Na gwada, Mama. In na miƙe, ni ne nake jin zan faɗi."